Igiyar ado ta Sallah da ragowar ƙyallen tela, babu allura babu keke

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, barkanmu da shan ruwa, Allah shi karɓi ibadunmu. Duk wadda ke leƙa shagon tela cikin azumi ta san yadda ƙarƙashin keke ke cika da ƙyallaye, ga atamfa ga shadda ga leshi ga boyel duk a zube ana takawa, da yamma yaran shago su share su cusa cikin buhu, wani buhun bola za shi, wani kuma wuta ake cinna mashi bayan shago. Wallahi abin yana sosa mani rai, don da kuɗinmu munka sayi yadin nan, kuma waɗanga ƙyallaye su kaɗai sun isa su ƙawata falo da bakin ƙofa ranar Sallah ba tare da kin sayi ko balan-balan ɗaya ba, wanda ma zafin Sakkwato ba ya barinshi ya kai la'asar.

Abin da za mu haɗa igiya ce doguwa da ake ɗaure tsilla-tsillan ƙyalle a jikinta ɗaya bayan ɗaya har ta cika ta yi kauri, sai a rataya ta saman ƙofa ko saman labule ko jikin bango. Ba ɗinki ko kaɗan, ƙulli ne kawai, wadda ba ta taɓa riƙe allura ba ma za ta iya, yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya.

A fara da samun ƙyallen. In kina da tela wanda kike kai ma ɗinki, lokacin da za ki kai kayan Sallah ki ce mashi don Allah ya tara maki ragowar naki a leda ɗaya, haƙƙinki ne, babu kunya a ciki. Na sauran mutane kuwa a yi hattara, ragowar yadi amana ce a hannun tela, in babban yanki ne da zai iya fidda ɗankwali ko rigar jinjiri to na mai kaya ne sai da izininta, wanda za ki roƙa shi ne ƙananan da anka riga anka share za a zubar. Kuma ki tafi da wuri, tsakiyar azumi, kar ki bari sai goman ƙarshe, lokacin telolin Sabuwar Kasuwa da na cikin unguwanni irin su Mabera da Arkilla kwana suke kan keke, ba mai lokacin tsaya maki tsintar ƙyalle. Ki duba cikin akwatinki ma, tsohon zanen da ya yage a gefe, atamfar ankon bikin da ya wuce wadda ta matse ki, gyalen da ƙusa ta ja, rigar yaro da ya girme ta amma tabo ya hana a bayar, duk kaya ne. Abu guda, duk ƙyallen da ke da rubutun Larabci ko sunan Allah a jiki a ware shi gefe, ba a yanka shi.

Ba kowane yadi ke ba da abin da ake so ba. Atamfa ita ce gaba, tana riƙe ƙulli ba ta zamewa kuma tana da kala. Shadda tana da tauri da sheƙi, in kin sa ta sai ta miƙe tsaye ta ba igiyar jiki, amma in ta yi yawa ƙullin kan yi ƙato ya hana na kusa da shi matsowa. Leshi da boyel da yadin mayafi mai shara-shara su ake sawa jefi-jefi don su sassauta abin. Wanda ban so shi ne yadi mai santsi irin na shafi, kina ɗaurewa yana warwarewa, sai dai in babu wani. Sannan ki juya atamfar ki duba bayanta, mai kyau gaba da baya kusan ɗaya ne, mai arha kuwa bayanta fari-fari yake, ita ma tana yi amma wurin ɗauri sai kin lura fuskar ta kalli waje.

Yanzu maganar kala, nan ne nike so mu daɗe, don nan aikin ke kyau ko ya lalace. Mutane da yawa in sun samu buhun ƙyalle sai su ɗaura duk abin da hannu ya kai gare shi, ja, baƙi, ruwan hoda, ruwan ƙasa, kore, a ƙarshe abin ya fito ba ido ba tsari, wanda ya shigo ya ɗauka tsumma anka shanya. Ki zazzage buhun a kan tabarma da rana, ba da dare ƙarƙashin ƙwan fitila ba don fitila tana ɓoye ainihin kala, ki tsaya ki kalli labulenki da kujerunki da fentin bango tukuna. Kala uku sun isa. Ɗaya mai yawa wadda za ta kai kusan rabin igiyar, ta biyu mai bi mata, ta uku 'yar kaɗan mai haske da za ta riƙa leƙowa. Kuma lallai cikin ukun ɗaya ta kasance yadi marar zane, fari ko ruwan madara ko ruwan toka, saboda atamfa tana da surutu, in kin jera mai zane kusa da mai zane kusa da mai zane ido ba ya samun wurin hutawa. Misali falon da labulenshi ruwan ƙasa ne, ki ɗauki kore mai duhu da ruwan madara, ki ɗan yayyafa ruwan gwal. In bangon fari ne shuɗi da fari da ruwan ƙwai suna fitowa sosai. Ni dai a nawa ganin, tunda Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun nan cikin bazara take faɗowa, ta 2025 ma 30 ga Maris ta kama, kuma mun san Maris da Afrilu a garin nan zafi kan haura digiri 40, gara kaloli masu sanyi a ido. Ja da ruwan lemo in sun cika ɗaki sai ki ji kamar sun ƙara ma wurin zafi. Baƙi kuwa a bar shi ko a sa kaɗan ƙwarai.

In atamfar mai manyan furanni ce kar ki damu wai yanka zai ɓata zanen, in an tsaga ta siri-siri zanen ba ya fitowa dama, kala kawai ake gani. Don haka atamfar da kike ganin ba ta da kyau a jiki tana iya zama ita ce ta fi kyau a igiya.

Kayan aiki ba su da yawa. Almakashi mai kaifi, tef ɗin awo in akwai, in babu hannunki ya isa, sai igiya. Igiyar rama ko ta auduga mai kaurin fensir ita ta fi, don tana da kaushi tana riƙe ƙyalle. Igiyar shanya ta roba tana yi amma ƙulli yana zamewa a kanta, kuma in shuɗiya ce tana leƙowa ta tsakani. In ba ki da ko ɗaya, tsaga tsohon zane gida uku siri-siri ki kitsa shi, ya zama igiya, kuma wanga ma ya fi ƙarko.

Ƙyallen da ya kwana ƙasan shago ki wanke shi tukuna, ruwa da ɗan omo, a shanya a inuwa, masu zuba a wanke su daban kar su ɓata fararen. In ya bushe a bi shi da dutsen guga, ko na gawayi ne. Wagga gugar kar ki tsallake ta, ƙyallen da ya yamutse ba ya yankuwa daidai kuma ko an ɗaura shi a lanƙwashe yake zama. Mai son abin ya tsaya ƙyam ta ɗan sa sitati wurin ɗauraya.

Sai yanka. Faɗin kowane tsilli yatsu biyu, wato kamar inci ɗaya da rabi. Tsawo kuma ya danganta da irin da kike so, in gajera ce mai cika, taƙi ɗaya, kamar inci 9, in kuma mai dogayen jela ce da za su riƙa reto saman ƙofa, kamu ɗaya, inci 18. Ki yanka guda ɗaya ya zama ma'auni ki riƙa ɗora shi kan sauran, ba sai kin auna kowanne da tef ba, kuma in wani ya ɗan fi wani tsawo ba laifi, hakan ma ya fi kyau da a ce duk kansu ɗaya. Atamfar auduga ba sai kin bi ta da almakashi har ƙarshe ba, ki ɗan tsaga bakin kamar tsawon gaɓar yatsa, ki kama gefe da gefe da hannu biyu ki fizge da ƙarfi, za ki ji ƙyaaat ta tafi miƙe bisa zarenta, sai ki cire zaruruwan da sunka fito a gefe. Leshi da yadi mai roba ba su yaguwa haka, su sai almakashi. Bakin atamfa mai rubutun kamfani a yanke shi a yar. Ƙyallen tela kuma ba miƙaƙƙe ba ne duka, na wurin wuya da hammata a lanƙwashe suke fitowa, ki fidda abin da ya fitu a ciki, guntayen da ba su kai taƙi ba ki tara su gefe za su yi amfani.

Ga lissafi don ki san yawan abin da za ki tara. Yadi ɗaya inci 36 ne, faɗin atamfa kuma wajen inci 45. In kin tsaga inci ɗaya da rabi za ki samu dogaye 24, kowane dogo ya ba ki guntu 5 masu inci 9, kin ga 120 ke nan daga yadi ɗaya. Kowane ƙulli yana cin wajen rabin inci a jikin igiya, don haka yadi ɗaya na igiya yana shan tsilli 60 zuwa 70 in ana so ta cika. Ke nan yadi ɗaya na atamfa ya kusa cika igiya yadi biyu, wadda ita ce daidai saman ƙofar ɗaki ta ɗan zubo gefe da gefe. In dogayen jela za ki yi, ki ninka yawan yadin. Wadda ke son ta zagaye ƙofar gaba ɗaya har ƙasa za ta bukaci igiya kusan yadi shida, aiki ne babba, ban ba mai farawa shawarar ta fara da ita ba.

Kafin ki soma ɗauri ki auna wurin da za ki rataya, ki ƙara kamu ɗaya a kai saboda igiyar ba miƙewa za ta yi sak ba, ana so ta ɗan yi ciki a tsakiya. Kowane ƙarshe ki lanƙwasa ki ƙulla ya zama kunne na ratayewa, ki yi shi tun yanzu, in kin bari sai an gama ba za ki samu wurin kamawa ba. Sai ki ɗaure igiyar ta miƙe tsakanin ƙafar kujera da ƙafar kujera, ko ƙarfen taga da hannun ƙofa, daidai tsayin da za ki zauna kan tabarma hannunki ya kai ba tare da kin duƙa ba.

Ƙullin kanshi irin zargen da ake yi ma hannun guga ne. Ki ninka tsillin biyu, fuskar yadin a waje. Ki kai bakin ninkin ta bayan igiya ya leƙo sama, jela biyu suna ƙasa. Ki lanƙwaso ninkin ta gaban igiyar ya sauko, ki zura yatsu biyu cikinshi ki jawo jelar nan biyu ta ciki, ki ja ƙasa ya ɗame. Shi ke nan. Na farko da na biyu hannu zai ɗan yi nauyi, kafin ki kai na goma kin daina kallo ma. Abin lura kawai, in kin fara ta baya to ki ci gaba ta baya har ƙarshe, kar ki riƙa juyawa, don ƙullin yana da fuska, gefe ɗaya akwai ɗan ɗamara a kwance gefe ɗaya babu, in sunka cakuɗe sai layin ya fito a hargitse. Guntayen nan da kika ajiye gefe su ba a ninka su, ki ɗora tsakiyar guntun kan igiya ki ƙulla sau ɗaya, kunne ɗaya ya yi sama ɗaya ya yi ƙasa, suna cike gurbi kuma suna sa igiyar ta yi buzu-buzu ta kowane gefe.

Duk bayan ƙulli biyar ko shida ki tura su da babban yatsa su matsu da juna. Wanga shi ne sirrin cikar igiya, mutane suna gaggawar kai ƙarshe sai su bar tazara, a rataya a ga igiya tana leƙe ta tsakani abin ya yi rama. In ƙyallenki bai da yawa gara ki rage tsawon igiyar ta fito gajera a cike da ki ja ta ta yi tsawo a fayau. Jerin kala kuwa ki tsara shi a ƙasa kafin ki fara, misali uku na babbar kala, biyu na ta biyu, sai mai hasken ta shigo bayan kowane zagaye biyu. Ba dole ki bi shi kamar karatu ba, amma ki riƙa tashi kina ja da baya kina kallo daga bakin ƙofa, daga nesa ake gane inda wata kala ta taru wuri ɗaya. In kin ga haka ba sai kin warware duka ba, zare wanda bai dace ba ki sa wani a gurbinshi.

Ki raba aikin kwana biyu ko uku, kar ki ce sai kin gama a zama ɗaya da azumi a bakinki. Rana ɗaya wanki da guga, rana ɗaya yanka, ɗauri kuma bayan an dawo asham in gari ya ɗan yi sanyi a shimfiɗa tabarma tsakar gida. Ki jawo yara ciki, ƙarami ya riƙa miƙo kala yana cewa ga kore ga fari, babbar ta ɗaura daga wancan ƙarshen ke daga wanga ku haɗu a tsakiya. Almakashi dai ya zauna hannun babba. Ranar Sallah in baƙi sun shigo za ki ji yarinya tana ja ma gwaggonta hannu tana nuna mata daidai wurin da ita ta ɗaura.

Mai son ƙari tana iya yanka jinjirin wata da tauraro a jikin kwali, ta shafa gam ta manna ƙyallen shadda gaba da baya, in ya bushe ta gyara gefen da almakashi, ta huda sama ta sa zare ta rataya a tsakiyar igiyar, uku sun isa, wata a tsakiya tauraro dama da hagu. Kuma tunda garin fata muke, in kina da hanyar dukawa ki roƙi guntayen jar fatar da ke ragewa wurin aikinsu, a tsaga siri-siri a sa jefi-jefi tsakanin atamfa, tana ba abin wani irin kwarjini na gida wanda kayan kanti ba su da shi. Yadi mai roba da gefenshi ke zubar da zare ana iya wuce bakinshi da sauri kusa da harshen kyandir ya ɗan narke ya kame, amma babba kaɗai zai yi, a waje, da ruwa a kusa, kuma ba a yi ma auduga haka don ita kamawa take da wuta.

Wurin ratayewa, ƙananan ƙusoshi biyu sun isa ga gajera, doguwa kuma a ƙara ɗaya a tsakiya ta yi ciki biyu. In gidan haya ne ba ki son huda bango ki ɗaura ta a ƙarfen labule ko ƙarfen taga. Salatif ba ya riƙe ta, igiyar tana da nauyi fiye da yadda ake zato kuma zafi yana sakin gam ɗin, cikin dare za ki ji ta faɗo. In kin rataya ki bi ta da yatsu kina baza jelar, wadda ta yi tsawo fiye da kima ki datse ta a karkace.

Don Allah a kula da wuta. Ranar Sallah kowane ɗaki da kaskon turaren wuta, kar a aje shi ƙarƙashin igiyar, kar a rataya ta kusa da murhu ko risho ko jikin ƙwan fitila mai zafi ko saman soket. Mai son sa ƙananan fitilun ado a ciki ta nemi masu batir waɗanda ba su zafi, ta kashe in za a kwanta. A nisanta ta da fankar sama. Kuma a ɗaga ta sama inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba ya kai, igiya ce, yaro na iya jawo ta ya naɗa a wuya, kar a rataya ta jikin gadon jinjiri ko kaɗan.

Ni nakan ce a gama komai a ninke a ajiye cikin leda, kar a rataya da wuri ƙura ta dusashe ta, sai daren da sanarwar ganin wata ta fito daga fadar Sarkin Musulmi, bayan an share gida an canza labule, sannan a ɗaga ta, maza su dawo daga Fakon Idi su tarar da gida ya canza. In a waje za ki sa, ƙofar zaure ko baranda, ki zaɓi gefen da rana ba ta duka kai tsaye, ranar garin nan kwana kaɗan take cinye kalar atamfa, musamman shuɗi da ja.

Bayan Sallah ki sauke ta ki fita da ita waje ki kakkaɓe sosai. In ta yi datti ki cusa ta cikin rigar filo ki ɗaure bakin, ki jiƙa cikin ruwan omo ki riƙa matsawa a hankali ba cuɗawa ba, ki ɗauraye ki shanya a inuwa, ƙullin da ya saki ki ja shi ya koma. Sai ta bushe ƙarau kafin ki naɗe ta a jikin kwali ki sa a leda, don damina tana tafe kuma in da sauran danshi za ta yi fumfuna da wari. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba wata biyu ne da kwana goma, in lokacin ya zo ki zare 'yar kalar nan ta uku mai haske ki musanya ta da ragowar sabon ɗinkin Babbar Sallah, sauran ƙullin a bar su yadda suke.